Daga Bangon Masallaci Zuwa Yatsar Amarya

Daga watan Oktoba na 2021 zuwa Fabrairun 2022, gidan adana kayan fasahar ado na birnin Paris ya baje wa jama'a kaya sama da 500 a wuri ɗaya. A gefe guda akwai sarƙoƙi da kambin kai da battocin kwalliya na kamfanin Cartier. A ɗaya gefen kuma akwai tayil na bango, da shafukan tsofaffin littattafan Farisa da Indiya, da yadudduka, da zane-zanen gine-ginen ƙasashen Musulmi. Daga nan baje kolin ya ƙaura zuwa Dallas ta Amurka a 2022, sannan wani zubinsa ya sauka a gidan tarihi na Louvre da ke Abu Dhabi a ƙarshen 2023. Yanzu an kwashe kayan, kowanne ya koma hannun mai shi. Abin da ya rage mana shi ne littafin da aka fitar tare da baje kolin, mai suna Cartier and Islamic Art: In Search of Modernity, wanda kamfanin Thames & Hudson ya buga. Mata huɗu masana ne suka jagoranci aikin: Évelyne Possémé da Judith Henon-Raynaud daga Paris, da Heather Ecker da Sarah Schleuning daga Dallas.

Yabon gwani ya zama dole, kuma wannan littafi ya ci a yabe shi saboda abu ɗaya da ya yi da kyau: ya tabbatar, da hujjar da ido ke gani, cewa salon kayan ado da Turawa ke kira na zamani, wanda daga baya aka raɗa wa suna Art Deco, ya sami wani babban kaso na ƙashin bayansa ne daga bangon masallatai da fadoji da makarantun Musulmi. Maganar ba a baki kawai ta tsaya ba. Ana ajiye maka hoton gini ko na tayil, a ajiye zanen da mai zane ya yi a takarda, sannan a ajiye abin adon da aka ƙera. Kai da kanka za ka bi sawun siffar daga bango har zuwa wuyan mace.

Labarin ya fara ne da iyali. Louis-François Cartier ya kafa sana'ar a Paris a 1847, amma jikokinsa uku ne suka kai ta duniya: Louis a Paris, Pierre a New York, Jacques a Landan. Lokacin da Louis ya shiga harkar gadan-gadan, wajajen 1899 da shagon ya koma titin Rue de la Paix, abin da ke tashe a wurinsu shi ne salon furanni da ganyaye da ɗaurin zare irin na fadar sarakunan Faransa na ƙarni na 18. Ado ne mai taushi, mai lanƙwasa. Sai ga shi a 1903 an shirya babban baje kolin fasahar Musulmi a Paris, a ƙarƙashin wannan gidan adana kaya da ya sake karɓar baƙuncin labarin bayan shekara 118. A 1910 kuma aka yi wanda ya fi shi girma a Munich ta Jamus, da kaya kusan 3,600. Waɗannan tarukan biyu sun juya tunanin masu fasaha da dama, har da mai zane Henri Matisse. Louis Cartier yana cikin waɗanda abin ya kama sosai, har ya zama mai tara littattafan hannu da ƙananan zane-zanen Farisa da Indiya.

Sashen da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wanda ya shiga ɗakin karatun kamfanin. Tambayar da mai karatu zai yi ita ce: ta yaya adon bangon da ke Bukhara ko Garnaɗa zai iso teburin wani mai zane a Paris wanda wataƙila bai taɓa taka ƙasar ba? Amsar ita ce takarda. A ƙarni na 19 wasu Turawa magina sun zauna sun auna gine-ginen Musulmi taku bayan taku, suka kwafe adonsu, suka buga a manyan littattafai. Fitacce a cikinsu shi ne Owen Jones, ɗan Birtaniya, wanda ya yi nazarin fadar Alhambra ta Andalus, sannan ya fitar da The Grammar of Ornament a 1856. Irin waɗannan littattafai ne Louis ya tara ya buɗe wa ma'aikatansa. Charles Jacqueau, wanda ya shiga kamfanin a 1909 ya kuma zama babban mai zanensu, yana cikin waɗanda suka sha daga wannan rijiya. Marubutan sun yi adalci da suka fito da shi da takwarorinsa fili, domin sunan kamfani yakan danne sunan hannun da ya riƙe fensir.

Daga nan littafin ya jera siffofin ɗaya bayan ɗaya, kuma a nan ne maganar gini ta fito ƙarara. Akwai tsarin bulo irin na Asiya ta Tsakiya, inda magini ke jera bulo wani a kwance wani a tsaye har bango ya zama kamar saƙa, wani lokaci da bulo mai sheƙi a tsakani yana fitar da zane. Wanda ya taɓa ganin hoton hubbaren Samaniyawa na Bukhara, ginin ƙarni na 10, ya san yadda bulo tsurarsa ke iya zama ado ba tare da fenti ba. Akwai kuma tsinin nan na saman ganuwa da rufin masallaci, masu hawa mataki-mataki. Akwai taurari masu tsini shida da takwas, da siffofi masu kusurwa da ke shiga cikin juna ba tare da an ga mafari ko ƙarshe ba. Littafin ya nuna cewa tun daga 1904 Cartier ya fara fitar da kaya masu irin wannan tsari. Wannan shekara tana da muhimmanci, domin baje kolin Paris da ya ba Art Deco sunansa sai a 1925 aka yi shi.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani ɗaurin goshi da aka ƙera a Paris a 1922, da murjani da baƙin dutsen onis da daimon. Idan ka dube shi daga nesa, ado ne ja da baƙi da fari. Idan ka matso, sai ka ga jerin bakuna ne a kan ginshiƙai, ɗaya na bin ɗaya, irin baranda mai zagaye harabar masallaci. Murjanin nan da aka saba gani a wuyan mata a matsayin duwatsu a zare, a nan an mai da shi kayan gini. Baƙin onis ya ja iyakar kowace siffa, daimon kuma ya zama hasken da ke faɗowa a kan bango. Ni dai ja da farin nan ya tuna mini da bakunan babban masallacin Ƙurɗuba, wanda aka fara ginawa a 785, inda jan bulo da farin dutse ke bin juna a kowane baka. Abin burgewar shi ne mai zanen ya fahimci cewa kyan baranda ba a baka ɗaya yake ba, a maimaitawar yake, da daidaiton tazarar da ke tsakani. Shi ya sa abin ya zauna a goshi da natsuwa.

Launi ma daga gini ya zo. Kafin wannan zamani, masu ado na Turai suna ganin haɗa shuɗi da kore a abu ɗaya rashin iya kwalliya ne. Amma duk wanda ya ɗaga kai ya dubi ƙubbobin Isfahan ko makarantun Samarkand ya san cewa waɗannan launuka biyu sun daɗe suna zaman lafiya a kan tayil. Louis Cartier ya ɗauki wannan haɗi, ya jera shuɗin yaƙutu kusa da zumurrudu, ya kuma haɗa fairuza da lazawardi. Abin da aka ƙyamata a da ya koma tambarin kamfanin. A 1947, a zamanin da Jeanne Toussaint ke shugabantar sashen manyan kayan ado, aka ƙera wa matar Duke na Windsor wani faffaɗan abin wuya na zinariya da fairuza da duwatsu masu launin shunayya. Zinariyar an murɗa ta an saƙa ta kamar ragar taga, kowane dutse da gurbinsa, babban dutse mai siffar zuciya a tsakiya. A zauren baje kolin, kamfanin magina na Diller Scofidio + Renfro, wanda ya tsara wurin, ya haska irin waɗannan kaya a manyan allunan bango, yana warware su layi-layi don mai kallo ya ga lissafin da ke ƙarƙashin ƙyalƙyalin. Ya dace ƙwarai da aka ba magina wannan aiki.

To ina maganar zobe, tunda yatsar amarya muka nufa? Littafin ya fi ba da ƙarfi ga manyan kaya, wato abin wuya da kambi da abin maƙalawa a ƙirji da batta, domin a kansu ne zane ke samun fili. Amma wanda ya karanta shi da kyau zai fita da idon da zai karanta tsohon zoben daimon na shekarun 1920 da 1930, kuma wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Abu na farko shi ne ƙarfen. Kafin ƙarshen ƙarni na 19, ana dasa daimon ne a azurfa a kan zinariya. Azurfa tana da laushi, dole a yi ta da kauri kafin ta riƙe dutse, ga shi tana yin baƙi. Filatinam ya fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, sai dai ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 1,700, don haka sai da aka sami wutar da za ta iya da shi kafin maƙera su mallake shi. Cartier yana cikin na farko da suka rungume shi wajajen 1900. Da filatinam, siririn waya ya isa ya ɗauki babban dutse, sai aka sami damar huda ƙarfen, a bar ƙofofin da haske zai shiga ta gefe da ta ƙasa. Daidai wannan lokaci ne magina ma suka sami ƙarfe da kankare, suka rage kaurin bango suka faɗaɗa tagogi. Matsala ɗaya ce a wuri biyu: yadda za a ɗauki nauyi da kaya kaɗan a bar wa haske hanya.

Abu na biyu shi ne yankan dutsen. Daimon mai zagaye da aka fi sani yau yana da fuskoki 57 ko 58 masu kusurwa uku da huɗu, waɗanda ke tarwatsa haske ya yi ta walƙiya. Marcel Tolkowsky ne ya fitar da lissafinsa a 1919. Amma zobban Art Deco da yawa sun fi son wani yanka dabam, wanda fuskokinsa dogaye ne a jere, suna sauka mataki-mataki. Joseph Asscher na Amsterdam, wanda daga baya aka damƙa wa yankan daimon ɗin Cullinan na Afirka ta Kudu a 1908, ya fito da nasa samfurin a 1902: murabba'i ne da aka datse kusurwoyinsa huɗu ya zama mai gefe takwas. Leƙa cikin irin wannan dutse daga sama. Ba walƙiya za ka fara gani ba. Murabba'i za ka gani a cikin murabba'i, kowanne ya fi na samansa ƙanƙanta, suna zurfafa har zuwa ɗigo ɗaya a tsakiya, kamar mai tsaye a saman bene yana kallon matakala tana sauka. Irin wannan yanka ba ya ɓoye aibi. In akwai tabo a cikin dutsen, ido zai faɗa kansa nan take, shi ya sa sai dutse mai tsabta ake yi wa shi.

Abu na uku shi ne yadda dutsen ke haɗuwa da zoben. Yatsa zagaye take, dutsen kuma mai kusurwa ne. Magina sun daɗe da sanin wannan matsala, domin su ma sai sun ɗora ƙubba mai zagaye a kan ɗaki mai kusurwa huɗu. Maganinsu shi ne su bi a hankali, daga huɗu zuwa takwas, daga takwas zuwa goma sha shida, har a kai ga da'ira. Maƙerin zobe ma a hankali yake bi: a kowane gefe na babban dutsen yakan jera ƙananan daimon dogaye, kowanne ya fi na gabansa gajarta, har kafaɗar zoben ta sauka ta narke cikin da'irar. Ana yawan cewa wannan kwaikwayon dogayen benayen New York ne, waɗanda dokar gini ta 1916 ta tilasta musu su riƙa ja da baya yayin da suke hawa sama don kada su tare wa titi rana. Akwai gaskiya a ciki, musamman a zobban da aka yi bayan an kammala benen Chrysler a 1930 da Empire State a 1931. Amma gudummawar wannan littafi ita ce ya ja tarihin baya da shekara fiye da ashirin, ya nuna cewa matakalar tana kan teburin masu zane a Paris tun kafin waɗannan benaye su tashi. Salon kuma ya yi tsawon rai. Zoben da Yarima Rainier na Monako ya ba Grace Kelly a 1956, aikin Cartier, dutse ne mai yankan matakala da ya haura karat 10, da dogon daimon ɗaya a kowane gefe, a kan filatinam. Ba fure, ba ganye. Tsayuwa ce da daidaito kawai.

Duk da wannan yabo, akwai wuraren da littafin ya bar ni da ƙishi. Na farko, kamfanin Cartier ne ya tallafa wa baje kolin, kuma yawancin kayan da takardun daga taskarsa suka fito. Wannan ya ba marubutan damar ganin abin da wani ba zai gani ba, amma ya sa muryar ta yi laushi a inda ya kamata ta yi kauri. An yi bayanin yadda Paris ta zama kasuwar kayan tarihin Musulmi a farkon ƙarni na 20, da dillalan da ke shigo da su. Na so a ce an tsaya sosai a kan abin da wannan kasuwa ta jawo wa wuraren da kayan suka baro. A wancan zamani an ɓamɓare tayil daga bangon hubbarori da masallatai a Iran an kai Turai. Wani dillali a Paris, Georges Demotte, ya yayyaga wani babban kwafin littafin Shahnama na ƙarni na 14 ya sayar da shafukansa ɗaiɗai. Kyan abin da aka ƙera daga baya ba ya share wannan asara, kuma mai karatu Musulmi ba zai iya kallon hotunan ba tare da ta zo masa a rai ba.

Na biyu, muna samun sunan mai zanen Paris da shekarar da ya yi zanen, da sunan attajirar da ta saya. Maginin da ya fara jera bulon kuwa, galibi ba suna. Wannan ba laifin marubutan ba ne kacokan, tarihi ne bai adana ba. Amma da an ware babi guda a kan yadda waɗannan magina ke fitar da tauraro mai tsini takwas da igiya da ma'auni kawai, da mai karatu ya gane cewa abin da aka ara ilimi ne mai ƙa'ida, ba ado ne da aka tsinta a hanya ba. Na uku, kalmar fasahar Musulunci a nan ta rufe ƙasashe da ƙarnoni masu yawa, daga Andalus zuwa Indiyar da Jacques Cartier ya ziyarta a 1911, har da kayan fadojin da masu su ba Musulmi ba ne. Taswirar kuma ta bi abin da Paris ta sani ta kuma so a lokacin, wato Farisa da Indiya da Masar da makamantansu.

A nan ne littafin ya shafe mu kai tsaye, ko da bai yi magana a kanmu ba. Mu ma muna da bango mai magana. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830 zamanin Sarki Abdulkarimu, yana da bakuna na ƙasa da azara waɗanda masana gini na duniya ke jinjina wa. Muna da zanko a kusurwar soro, da dagi a fuskar zaure, da zanen gidajen unguwar Birni ta Damagaram, da hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27 da itatuwa ke leƙowa daga jikinta. Muna kuma da maƙeran fari da suka gaji aikin azurfa kaka da kakanni. Hatta matakin takarda an taka shi: Zbigniew Dmochowski, magini ɗan ƙasar Folan, ya shafe shekaru yana auna gine-ginen gargajiya na Najeriya, kuma gidan tarihin gine-gine da ke Jos, inda aka sake gina kwatankwacin masallacin Zariya, ɗaya ne daga cikin 'ya'yan wannan aiki. Abin da ya yi ƙaranci shi ne hanyar da za ta kai waɗannan zane-zane daga ɗakin karatu zuwa maƙera. Yau idan za a haɗa lefe, sarƙa da 'yan kunne da zobe galibi samfurin Dubai ake nema, alhali siffar bakan gizo ta soron kakanninmu za ta zauna a kafaɗar zobe daram.

Saboda haka nake ganin littafin ya kamata ya shiga hannun ɗaliban zanen gini da na fasaha a jami'o'inmu, da matasa masu ƙera kayan ado, ko da ta ɗakin karatu ne, tunda da Turanci da Faransanci aka buga shi kuma ba mai araha ba ne. Ba don su kwaikwayi Cartier ba. Darasin da ke ciki shi ne hanyar aiki: a dubi gini da kyau, a auna shi, a gane lissafin da ya tsayar da shi, sannan a tambayi ƙarfe da dutse abin da za su iya ɗauka daga ciki. Mutanen Paris sun yi haka da gadon wasu, suka sami suna da dukiya na fiye da ƙarni guda. Mu namu gadon yana tsaye a cikin garuruwanmu, damina tana cin wani sashe nasa kowace shekara, kuma wanda zai fara wannan aiki ba ya bukatar izinin kowa.